Tarrasch, Nimzowitsch ko Capablanca: Gaban Wane Malami Ɗalibin Ces Zai Fara Zama?

Wanda ya koyi tafiyar 'ya'yan wasan ces, wasan da Larabawa ke kira shaɗaranji, ya kuma shafe watanni yana bugawa a waya, yakan kai wani matsayi da zai ga ya daina gaba: yau ya ci, gobe a cinye shi, kuma bai san dalilin ko ɗaya daga ciki ba. Idan ya tambayi waɗanda suka riga shi wane littafi zai karanta, sunaye uku ne suka fi fitowa daga cikin magabata, wato likitan Jamus Siegbert Tarrasch, da Aron Nimzowitsch mutumin Riga, babban birnin ƙasar Latbiya a yau, da José Raúl Capablanca na ƙasar Kyuba. Su ukun sun yi zamani ɗaya, sun kara da juna a kan allo, kuma biyu daga cikinsu sun shafe shekaru ba sa ga-maciji saboda saɓani kan yadda ya kamata a buga wasan. Kuɗi da lokaci ba su cika isar ɗalibi ya rungumi ukun a tare ba, don haka dole a zaɓi na farawa.

Domin mu fahimci juna, ga sunayen da zan yi amfani da su: sarki, sarauniya, hasumiya mai tafiya miƙe, giwa mai tafiya a karkace, doki mai tsallake, da dakaru takwas da ke sahun gaba. Kowane murabba'i a allon zan kira shi gida kamar yadda muke yi a dara, tare da lambarsa, misali e4 ko d5.

Abubuwan da za a auna

Na farko shi ne farashi, kuma a nan akwai wani abu da ba kowa ke lura da shi ba. Marubutan uku duk sun rasu fiye da shekara 70 da suka wuce, saboda haka ainihin rubutunsu ya fita daga haƙƙin mallaka a yawancin ƙasashe, amma fassarar da aka yi daga baya tana nan da mai ita. Wanda ya yi rubutu da Jamusanci sai an biya mai fassara, wanda ya yi da Turanci kuwa ana iya samunsa kai tsaye.

Na biyu shi ne ɗorewa, wato nawa ne daga cikin koyarwar mutum ya tsira bayan kusan shekara ɗari na gasa da kuma zuwan manhajojin kwamfuta masu lissafin takun ces irin su Stockfish, waɗanda ba su san girman kowa ba. Na uku shi ne sauƙi, kuma ya haɗa da salon bayani da tsarin rubuta taku. Tsoffin bugun Turanci suna amfani da tsohon tsari, inda za ka ga an rubuta P-K4 a maimakon e4, kuma duk wanda ya koyi wasan a waya zai sha wahala da shi a makon farko. Na huɗu shi ne haɗari, wato irin muguwar ɗabi'ar da littafin zai iya dasa wa wanda ya karanta shi kafin lokacinsa. Wannan ma'auni na ƙarshe shi ne na fi bai wa nauyi, domin littafin da bai ƙare ka da komai ba asarar kuɗi ce kawai, amma wanda ya karkatar da tunaninka sai ka yi shekara kana warwarewa.

Tarrasch, likitan da ya mayar da wasa dokoki

An haifi Tarrasch a Breslau a 1862, garin da yanzu yake cikin ƙasar Polan da sunan Wrocław, ya kuma rasu a Munich a 1934. Likita ne da ya yi aiki shekaru masu yawa a Nuremberg, kuma ces bai taɓa zame masa sana'a ta cikakken lokaci ba. Duk da haka ya lashe manyan gasa huɗu a jere: Breslau a 1889, Manchester a 1890, Dresden a 1892 da Leipzig a 1894. A wannan tsakanin ne ya samu damar karawa da zakaran duniya Wilhelm Steinitz, bai amsa ba saboda aikin asibiti, sannan da matashi Emanuel Lasker ya ƙalubalance shi a 1892, sai ya ce masa ya je ya fara cin babbar gasa tukuna. Lasker ya wuce shi ya je ya karɓe kambun daga hannun Steinitz a 1894. Da suka haɗu a 1908 lokacin Tarrasch ya riga ya wuce, Lasker ya ci wasa 8, shi ya ci 3, aka yi canjaras a 5. Wannan ce kaɗai karawar kambun duniya da ya taɓa yi.

Abin da ya rasa a kambu ya same shi a alƙalami, har Jamusawa suka yi masa laƙabi da malamin Jamus. Ya ɗauki ra'ayoyin Steinitz masu wuyar narkewa ya mayar da su gajerun dokoki da ɗalibi zai iya riƙewa: ka mamaye tsakiyar allo da dakaru, ka fito da 'ya'yanka da wuri, kada ka ajiye doki a gefe, ka guji matsatsen wuri domin a cikinsa shan kaye ke tsira. Shahararriyar dokarsa ita ce hasumiya ta tsaya a bayan sakakken dakare, wato dakaren da babu dakaren abokin gaba da zai iya tare shi, ko naka ne ko na abokin karawa. Dalilin a fili yake idan ka ɗora a allo: duk takun da dakaren ya yi gaba, hasumiyar da ke bayansa tana ƙara samun fili, wadda ke gabansa kuwa filinta yana raguwa.

Littattafansa da ɗalibi zai duba biyu ne. Das Schachspiel na 1931, wanda aka fassara zuwa Turanci da sunan The Game of Chess, cikakken darasi ne da ya faro daga ƙarshen wasa, ya shiga tsakiyar wasa, sannan ya zo buɗin wasa. Ɗayan kuwa tarin wasanninsa ne guda 300 da sharhinsa, wanda ya fito a 1895. Ta fuskar farashi, The Game of Chess yana da tsohon bugu mai araha da tsohon tsarin taku, da kuma sabon bugu da tsarin zamani wanda ya fi tsada. Tarin wasannin bai samu fassarar Turanci da ta shiga kasuwa sosai ba sai ƙarshen ƙarni na 20, don haka shi ya fi wuyar samu.

Ta fuskar ɗorewa sai an raba littafin gida uku. Sashen ƙarshen wasa da sashen dabarun tsakiyar wasa suna nan daram, domin harin doki mai baki biyu, wato ya kai wa 'ya'ya biyu hari a taku ɗaya, bai tsufa ba. Sashen buɗin wasa kuwa ya kwana biyu, kuma ban ga dalilin da ɗalibi zai haddace shi ba. Amma kada a yi saurin raina mutumin. Kariyar da ke ɗauke da sunansa, inda mai baƙaƙe ke tura dakare zuwa c5 a taku na 3 ya yarda a bar masa dakare maraya a d5, wato wanda ba shi da dakaren ɗan'uwa a layukan da ke gefensa, domin 'ya'yansa su sami sarari, ita Boris Spassky ya yi amfani da ita wajen karɓar kambu daga Tigran Petrosian a 1969, kuma Garry Kasparov ya riƙe ta har zuwa karawarsa da Anatoly Karpov a 1984, inda ya sha kaye sau biyu da ita ya ajiye ta.

A sauƙi yana da maki mai kyau, domin yana bayani ne irin na likitan da ke rubuta magani: sha wannan, bar wancan. Haɗarinsa ma daga nan ya fito. Ba ya cika cewa "sau da yawa", sai dai "kullum", kuma ɗalibin da ya haɗiye maganarsa ɗanya zai ƙi kai doki gefe ko da a ranar da gefen ne hanyar cin wasa. Ya kuma shawarci sabon ɗalibi da ya daure kada ya fara buga wasa sai ya gama nazarin littafin, shawarar da ban ga mai iya bi ba a zamanin da abokin karawa yake cikin aljihu.

Nimzowitsch, ɗalibin da ya yi wa malami tawaye

An haifi Nimzowitsch a Riga a 1886, lokacin garin yana ƙarƙashin daular Rasha, a gidan wani attajirin ɗan kasuwar katako wanda shi ya koya masa wasan. An tura shi Jamus karatun jami'a, amma ces ya ɗauke masa hankali. Shi da kansa ya ba da labarin haɗuwarsa ta farko da Tarrasch a 1904, a wani wasan sada zumunci, inda bayan taku goma dattijon ya faɗa a gaban 'yan kallo cewa bai taɓa samun wasan da ya ci tun da wuri haka ba. Wasan ya ƙare canjaras, amma matashin bai manta da wannan cin fuska ba, kuma ya ce ƙiyayyar da ta biyo baya ce ta tura shi ya gina nasa tsarin. A 1913 ya buga maƙala a mujallar ces ta Vienna yana tambaya ko littafin Tarrasch na 1912 kan wasan zamani ya dace da tunanin zamani da gaske. Tarrasch kuwa ya riƙa kiran takunsa munana.

A kan allo sun rama wa juna. Nimzowitsch ya ci a San Sebastian a 1912. Bayan shekara biyu, a St. Petersburg, Tarrasch ya mayar da martani da wasan da har yau ake nuna wa ɗalibai: ya sadaukar da giwa a h2, ya miƙa ta biyu a g2, ya fatattako sarkin Nimzowitsch daga gidansa ya koro shi tsawon allo har d7, sannan giwar nan ta biyu, wadda ba a ci ba, ta dawo b5 ta kashe sarkin a taku na 32. Duk mai son ya ɗauka cewa tarihi ya yanke hukunci sabon ya kayar da tsoho, ya kamata ya ɗora wannan wasa a allo tukuna.

Yaƙin duniya na farko da juyin juya halin Rasha sun raba Nimzowitsch da dukiyar gidansu. Ya bar Riga a 1920, ya zauna Kofanhegan ta ƙasar Denmak daga 1922 har rasuwarsa a 1935. Shekarunsa na ganiya su ne na bayan hijirar: ya ci Dresden a 1926 da maki 8.5 cikin 9 a gaban Alexander Alekhine, ya zo na uku a New York a 1927, sannan ya lashe Karlsbad a 1929 da maki 15 cikin 21, rabin maki gaba da Capablanca. Bai taɓa samun karawar kambun duniya ba, kuma bai taɓa cin Capablanca ko sau ɗaya ba.

Littafinsa Mein System, wanda Turawan Ingila suka sani da My System, wato tsarina, ya fito kashi-kashi tsakanin 1925 da 1927, sai Chess Praxis ya biyo baya da wasanninsa a matsayin hujja. Kashin farko na Mein System yana magana ne kan tubalan wasa: buɗaɗɗen layi, hasumiya a sahu na 7, sakakken dakare, musayar 'ya'ya, sarƙar dakaru, wato dakarun da suka jeru a karkace na baya yana kare na gaba. Kashi na biyu shi ne inda sababbin ra'ayoyin suke, kuma uku ne suka fi shahara. Akwai datsewa, wato ka dasa ɗa, musamman doki, a gidan da ke gaban dakaren abokin gaba domin ya kasa motsi, kuma ya kwatanta sakakken dakare da mai laifin da dole a kulle, sa ido kaɗai ba ya isa. Akwai rigakafi, wato kafin ka yi tunanin abin da kake so, ka tambayi kanka abin da abokin karawa ke shirin yi ka toshe shi. Sai kuma ninka tsaro, wato ka tara 'ya'ya suna gadin muhimmin gida fiye da yadda barazanar da ke kansa ta buƙata.

Wasansa da Georg Salwe a Karlsbad a 1911 ya nuna bambancinsa da Tarrasch fiye da kowane dogon bayani. Yana da dakaru a d4 da e5, abin da tsohuwar makaranta ke ɗauka a matsayin dukiya, sai a taku na 7 ya ci c5 da dakaren d4 da gangan, daga baya na e5 ma ya tafi. A idon mai bin Tarrasch ya zubar da tsakiya ke nan. Amma gidajen nan biyu da dakarun suka bari sai giwa da doki suka zauna a cikinsu, dakarun Salwe na d5 da e6 suka tsaya cik kamar an kafe su, 'ya'yan da ke bayansu suka rasa hanyar fita. A Kofanhegan kuma a 1923 ya ɗaure Friedrich Sämisch ta yadda a taku na 25, allo cike da 'ya'ya, ya ɗan tura dakare zuwa h6 kawai, Sämisch ya miƙa wuya, domin in ban da 'yan takun dakaru da za su ƙare nan take, duk abin da ya taɓa asara ce.

A farashi shi ne mafi tsada cikin ukun idan ana son fassara mai kyau. Tsohuwar fassarar Turanci ta kusan 1930 tana da araha amma da tsohon tsarin taku take, sababbin kuwa, irin ta kamfanin Quality Chess da ta New in Chess wadda ta haɗa littattafan biyu a kundi ɗaya, sai an saya, kuma wanda zai yi odarsu daga waje ya lissafa da kuɗin aikowa. Masu karatu da Faransanci suna da fassararsu mai suna Mon système.

A ɗorewa sakamakon gauraye ne. Datsewa da rigakafi sun zama abincin yau da kullum na manyan 'yan wasa, Petrosian ya gina salonsa a kansu, kuma kariyar Nimzo-Indiya, inda giwa ke zuwa b4 ta ɗaure doki a taku na 3, har yau ana buga ta a karawar kambun duniya. Ninka tsaro kuwa bai samu karɓuwa irin wannan ba, kuma tun yana raye marubucin ces Hans Kmoch ya ƙirƙiri wani wasan barkwanci yana kwaikwayon yadda yake tara komai a kan gida ɗaya yana yabon kansa. Dokarsa ta cewa a kai wa sarƙar dakaru hari daga gindi ma an gano cewa sau da yawa hari daga kai ya fi. Abin dariyar shi ne mutumin da ya zargi Tarrasch da taurin kai ya ƙare da kafa nasa dokokin da irin wannan taurin.

A sauƙi yana ƙasa da sauran biyun. Rubutunsa cike yake da habaici da kwatance da ramuwar gayya, wani lokacin yana sa dariya, wani lokacin sai ka karanta shafi guda ba ka gane ko darasi ake yi ko faɗa ba. Haɗarinsa kuma shi ne mafi girma, kuma na ɗanɗana. Bayan na gama kashi na biyu a karon farko, na buga wani wasa inda na tara doki da giwa da hasumiya duk suna gadin e5, ina jin kaina masani, ban lura ba dokin abokin karawata ya faɗo c2 ya haɗa sarkina da ɗaya hasumiyar a hari guda. Yaron da ya cinye ni bai taɓa jin sunan Nimzowitsch ba. Littafin yana ɗauka cewa mai karatu ya riga ya daina zubar da 'ya'ya kyauta, kuma yana warware dokokin da yake zaton ka riga ka sani.

Capablanca, wanda bai shiga rigimar ba

Capablanca, haifaffen Havana a 1888, ya koyi wasan yana ɗan shekara 4 ta kallon mahaifinsa. Da aka gayyace shi gasar San Sebastian ta 1911, Nimzowitsch yana cikin waɗanda suka nuna bai cancanci shiga ba, sai Capablanca ya cinye shi ya kuma lashe gasar. Ya karɓi kambun duniya daga Lasker a 1921 ba tare da an ci shi wasa ko ɗaya ba, daga 1916 zuwa 1924 ba wanda ya doke shi a gasa, sannan Alekhine ya karɓe kambun a Buenos Aires a 1927 bayan wasa 34. Ya rasu a New York a 1942.

Bai kafa makaranta ba, bai kuma ƙirƙiro sababbin kalmomi ba. Littafinsa Chess Fundamentals na 1921 ɗan siriri ne, yana farawa da yadda ake kashe sarki da hasumiya ɗaya da yadda ake kai dakare ɗaya gidan ƙarshe, domin a ganinsa wanda bai san inda wasa ke ƙarewa ba ba zai san abin da yake nema a tsakiya ba. A ƙarshen littafin akwai wasanni 14 da sharhi, kuma na farko-farkon waɗanda aka cinye shi ne, abin da ba kasafai zakara ke yi ba. Wanda yake son ganin koyarwar a aikace ya nemi wasansa da Savielly Tartakower a New York a 1924, wanda ya zo bayan littafin, inda ya bar dakaru biyu aka ci domin sarkinsa ya taka daga g3 zuwa f6 ya haɗu da hasumiyarsa da ke sahu na 7.

A farashi babu mai kama shi, domin da Turanci ya rubuta, kuma ana samun littafin kyauta a shafin Project Gutenberg, sai dai da tsohon tsarin taku. Bugun da aka mayar tsarin zamani ana sayar da shi, kuma ba shi da kauri. A ɗorewa shi ne kan gaba, saboda ƙarshen wasa lissafi ne da ba ya canzawa. Matsalarsa ita ce gajarta. Abu yana zo masa da sauƙi har yakan ce sauran a fili yake, alhali ga ɗalibi ba a fili yake ba, don haka dole a karanta shi da allo a gaba ana gwada kowane reshe. Haɗarinsa kaɗan ne, amma akwai shi: ɗalibi na iya ɗauka cewa musayar 'ya'ya da neman sauƙaƙe wasa ita ce hikima a kowane hali, ya riƙa shiga ƙarshen wasan da bai iya ci ba.

| Ma'auni | Tarrasch | Nimzowitsch | Capablanca |
|---|---|---|---|
| Littafin farawa | The Game of Chess, 1931 | My System, 1925 zuwa 1927 | Chess Fundamentals, 1921 |
| Harshen asali | Jamusanci | Jamusanci | Turanci |
| Farashi | Matsakaici | Mafi tsada a sabuwar fassara | Kyauta a intanet |
| Ɗorewa | Ƙarshe da tsakiya sun tsaya, buɗi ya tsufa | Datsewa da rigakafi sun tsaya, ninka tsaro ya raunana | Kusan duka ya tsaya |
| Sauƙi | Bayani dalla-dalla | Salo mai wuya | Harshe mai sauƙi, bayani a taƙaice |
| Haɗari | Riƙe doka da ƙarfi | Zurfin tunani kafin a iya tsare 'ya'ya | Yawan musaya ba dalili |

Wa ya dace da wa

Wanda har yanzu yakan kai ƙarshen wasa da rinjayen hasumiya guda amma ya kasa kashe sarki, ko ya bar wasan da ya ci ya zama canjaras, Capablanca ne nasa, kuma ba ya buƙatar kashe ko sisi. Ya sauke littafin, ya ba tsohon tsarin taku kwana biyu ko uku har idonsa ya saba, sannan ya riƙa ɗora kowane misali a allon nazari na shafin buga ces na intanet mai suna Lichess, wanda shi ma kyauta ne, yana bugawa da kwamfuta har sai ya ci sau uku a jere.

Wanda yake karatu shi kaɗai ba malami, yana kuma son littafi ɗaya da zai riƙe shi daga farko har ya fara shiga gasa, Tarrasch ya fi masa, domin shi ne kaɗai cikin ukun da ya tsara darasinsa kamar manhajar makaranta, da misalai masu yawa a kowane babi. Haka ma mai koyar da yara, saboda yaro yana buƙatar doka gajera da zai riƙe kafin a fara gaya masa inda ba ta aiki. Sharaɗin kawai shi ne a tsallake yawancin sashen buɗin wasa, kuma duk inda likitan ya ce "kullum" a karanta "galibi".

Nimzowitsch na wanda ya daina zubar da 'ya'ya ne, wanda matsalarsa ta koma ta rashin sanin abin yi idan allo ya kulle babu abin ci. Irin wannan ɗan wasa zai ga kamar an kunna masa fitila a babin sakakken dakare da na sarƙar dakaru, kuma tambayar rigakafi kaɗai, wato me abokin karawata yake so, ta isa ta biya kuɗin littafin. Ko shi ma ina ba shi shawarar ya yi wa kashin farko karatu biyu kafin ya taɓa na biyu, ya kuma duba kowane wasan misali da Stockfish, domin marubucin yakan yaba wa takunsa fiye da yadda lissafi ya yarda. Wanda kuma tarihin rigimar ne ya ja shi, yana son ganin yadda mutum biyu suka kalli dakare maraya ɗaya a d5, ɗaya ya ga ƙarfi ɗaya ya ga abin datsewa, to ya nemi kundin da ya haɗa My System da Chess Praxis, ya ajiye tarin wasannin Tarrasch guda 300 a gefensa, ya riƙa karanta su bi da bi.